Ku Tambaya Mu Amsa: Sojan fim da sojan gaske bayan an dawo daga yaƙi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk kan fina-finan yaƙi ne, musamman abin da yaƙi ke yi wa ƙwaƙwalwar soja bayan ya ajiye bindiga ya cire kaki, toh sai na tsamo guda shida waɗanda nake ganin in an amsa su an amsa wa saura. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam dan Allah ka raba mana gardama. Ni da abokina da kallon Rambo muka taso, shi yace duk sojan da ya je yaƙi ya ga jini toh da wuya ya dawo da kansa daidai, wai shi ko ƙanwarsa ba zai ba tsohon soja ba, ni kuma nace fim ne kawai ba wani abu. Waye da gaskiya a cikinmu?
— Wani ɗalibi

AMSA: Ƙanena ku duka biyun kun kauce, amma abokin naka ya fi yin nisa.

Bari mu fara da Rambon tunda shi ne shaidarku. Yawancin mutane in aka ce Rambo abin da ke faɗo musu a rai shi ne ƙato ba riga da ɗaurin goshi yana feshin wuta yana gamawa da bataliya guda shi kaɗai, toh wannan na biyu ne da na uku, na 1985 da na 1988. Na farkon, First Blood na 1982, wani abu ne daban, in ka koma ka kalle shi yanzu da ka girma sai ka sha mamaki. Mutum ne ya tako a ƙasa yana neman abokinsa na ƙarshe da ya rage cikin waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam tare, ya tarar ciwon daji ya kashe shi, ya shiga wani ɗan ƙaramin gari neman abin da zai sa a bakinsa, shugaban 'yan sandan garin ya kore shi don kawai bai yi masa ba, da ya dawo aka kama shi aka kai ofis, aka wanke shi da ruwan mesa, aka zo za a aske shi ta ƙarfi, ganin askar nan ne ya mayar da shi lokacin da abokan gaba suka kama shi suna gana masa azaba, daga nan komai ya kwance. Kuma ka ƙirga gawa a fim ɗin, mutum ɗaya tal ya mutu, shi ma faɗowa ya yi daga jirgi mai saukar ungulu. Ƙarshen fim ɗin kuwa ƙaton nan zaune yake a ƙasa yana kuka wiwi a gaban tsohon kwamandansa, yana ba shi labarin abokinsa da bam ya tarwatsa a kan idonsa a Saigon, yana faɗin can an damƙa masa kayan yaƙi na miliyoyin daloli amma nan ko aikin jera motoci a wajen fakin ya kasa riƙewa. A littafin da aka ɗauko labarin, na 1972, mutuwa Rambo ya yi, har an ɗauki wannan ƙarshen a fim ma 'yan kallon gwaji suka ƙi shi aka canza, da ya rayu ya kawo kuɗi shikenan sai aka mayar da shi injin kisa aka manta da kukan.

Kaga kenan ba "fim ne kawai" ba, akwai gaskiya a ciki. Inda matsalar take shi ne tun shekarun 1970 masu shirya fim a Amurka suka samu wani hali mai sauƙin sayarwa, tsohon sojan Biyetnam wanda baya barci, idonsa jajir, ƙarshe sai ya ɗau bindiga. Taxi Driver na 1976 ma a kan wannan layin yake duk da kyawunsa. Kyamara abin da ke fashewa take so, mutumin da ya dawo ya kama sana'arsa yana kai yara makaranta ba wanda zai yanki tikiti ya kalle shi.

Ga lissafi. Babban binciken da majalisar dokokin Amurka ta sa aka yi kan 'yan mazan jiyan Biyetnam, wanda sakamakonsa ya fito 1988, ya gano kashi 15 cikin 100 na mazan da suka je can suna fama da ciwon firgicin nan da likitoci ke kira PTSD a lokacin binciken, kusan kashi 30 kuma sun taɓa yinsa a wani lokaci na rayuwarsu, wasu masana da suka sake bin alƙaluman a 2006 ma suka ce bai kai haka ba. Na Iraƙi da Afganistan ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta daɗe tana faɗin tsakanin kashi 11 zuwa 20 a shekara. Ba kaɗan ba ne wannan, amma dai mafi yawa ba su da shi. Cikin masu shi ɗin ma akasari ba sa taɓa kowa, inda aka fi samun duka da tashin hankali shi ne in giya ko ƙwaya ta shigo ciki. Wanda suka fi cutarwa kansu ne, a Amurka kaɗai sama da tsofaffin sojoji 6,000 ke kashe kansu duk shekara. Ka gaya wa abokinka ya duba halin mutum kamar yadda zai duba na kowa, irin maganar da yake yi ita ce ke sa soja ya ɓoye ciwonsa don kar a ce ya taɓu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana soja ne, ya yi shekaru a bakin daga, yanzu ya yi ritaya. Ni abin da nake gani a fim ban gan shi a gidana ba, baya ihu baya fasa kaya, bai taɓa ɗaga min hannu ba, amma wlh ba shi ne mutumin da na aura ba. Baya barci sai gefen asuba, in mun fita sai ya zauna inda bayansa ke jikin bango yana kallon ƙofa, taro baya zuwa, yara in suka bugo ƙofa da ƙarfi sai kaga ya zabura gumi ya keto masa, in na tambaye shi yace ba komai. Shin wannan ma shi ne ciwon da ake faɗa ko ni ce dai ya daina so? Kuma akwai fim ɗin da ya nuna irin wannan in kalla ko zan fahimce shi?
— Wata uwargida

AMSA: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya ya saka miki da alheri. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai tabbatar bayan ya zauna da shi, amma abin da kika lissafo ya fi kama da ainihin ciwon fiye da duk ihun da kike gani a fim.

Likitoci kashi huɗu suke duba alamomin. Abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum ba da sonsa ba, a mafarki ko ido biyu. Ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, wuri ne ko mutane ko hira. Zuciya ta daskare, ya daina jin daɗin abin da da yake so, ya riƙa ganin laifin kansa, ya ji ya yi nisa da kowa har da waɗanda yake ƙauna, kuma ki riƙe wannan da kyau don shi ne ke sa mata da yawa su ɗauka an daina sonsu. Sai na huɗu, jiki ya ƙi sauka daga shirin ko-ta-kwana, rashin barci, saurin zabura, saurin fushi, lura da ƙofa da taga. In an wuce wata guda a haka kuma abin yana hana rayuwa tafiya toh ya zama ciwo, wani kuma ba ya tasowa sai bayan watanni ko shekaru, sau da yawa ma sai an yi ritaya an zauna shiru. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, aikinsa buga ƙararrawar haɗari tun kafin tunani ya iso, a fagen daga shi ne ke tserar da rai don wanda ya tsaya tunani kafin ya kwanta ƙasa ya tafi, toh watanni da shekaru ana a haka sai ya saba, an dawo gida shi bai san an dawo ba. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ba don bai san tsumma ba ne, ƙafarsa ce ta riga shi.

Fim kuwa in ɗaya za ki kalla, ni dai a wajena The Best Years of Our Lives ne, na 1946, baƙi da fari ne kuma ya kusa awa uku amma har yau ban ga wanda ya kamo shi a wannan fannin ba. Mutum uku ne suka dawo gari ɗaya bayan yaƙin duniya na biyu. Ɗaya ma'aikacin banki, ya dawo ya tarar 'ya'yansa sun girma bai san su ba, ya kama shan giya. Ɗaya kyaftin ne mai sakin bama-bamai daga jirgi, da lambobin yabo a ƙirji, ya dawo ba aikin da ya samu sai tsohon aikinsa na zuba wa mutane lemo a kanti, da dare yana firgita yana kiran sunan abokinsa da jirginsa ya kama da wuta. Na ukun sojan ruwa ne da ya rasa hannu biyu aka sa masa ƙugiyoyin ƙarfe, kuma wanda ya fito a wannan matsayin, Harold Russell, da gaske soja ne da nakiya ta cire wa hannaye a wajen atisaye a 1944, ba ɗan wasan fim ba ne, ya tashi da kyautar fim ta Oscar biyu a kan wannan fitowar guda. Akwai inda ya kira budurwarsa ɗaki da dare don ta ga abin da za ta aura, ya kwance ƙugiyoyin ya ajiye, ya nuna mata daga yanzu in ƙofar nan ta rufe ko buɗe ta ba zai iya ba sai wani ya zo, ba kiɗan tausayi mai yawa ba hawaye, ita kuma ta sa hannu ta ɓalla masa maɓallan rigar barci. Sai kuma inda kyaftin ɗin nan ya je filin da aka jibge jiragen yaƙi ana jiran a farfasa su, ya hau ɗaya ya zauna a hancin jirgin inda ya saba zama, gilashi duk ƙura, darakta bai nuna mana ko harbi ɗaya ba, fuskarsa kawai da gumi da ƙarar kiɗa mai kama da tashin inji, amma kin san sarai inda ya tafi. Daraktan, William Wyler, shi ma ya bi jiragen yaƙi yana ɗaukar hoto har ya dawo da kurumta, ina ganin shi ya sa bai yi ƙarya ba.

Cikin na baya-baya wuraren da suka yi gaskiya duk na shiru ne. A The Deer Hunter na 1978 Robert De Niro ya dawo daga Biyetnam, daga cikin tasi ya hango abokai sun rataya ƙyallen maraba suna jiransa, yace wa direba wuce kawai, ya je ya kama ɗaki a otal ya tsuguna jikin bango ya dafe kai. A The Hurt Locker, wanda ya sa Kathryn Bigelow ta zama mace ta farko da ta ci Oscar na darakta a 2010, mutumin da ke kwance bam da hannunsa a Bagadaza ya dawo gida Amurka an aike shi ya ɗauko kwalin abincin karin kumallo a babban kanti, ya tsaya gaban ɗaruruwan kwalaye ya rasa ta inda zai fara, ba a jima ba ya koma Iraƙi da ƙafarsa. A American Sniper na 2014 yana zaune ya zuba wa talabijin ido ana jin ƙarar harbi da ihu, kyamara ta zagayo sai ga talabijin ɗin a kashe take.

Amma kar ki ɗauki komai daga gare su. Abu biyu suke yi da ke ba ni haushi. Na farko yadda suke nuna tunowa, sai a yanke a kai ka fagen daga hoto tas da farko da ƙarshe, alhali masu ciwon da yawa gutsi-gutsi abin ke zuwa musu, wata ƙara, wani wari, warin dizal ko na taya mai ƙonewa, ko kawai bugun zuciya da tashin zuciya ba tare da sun san me ya taso da shi ba, fim kuma baya ɗaukar wari. Na biyu yadda suke warkar da mutum, ya yi kuka sau ɗaya a kafaɗar mace ta gari shikenan an rufe fim, wannan zalunci ne ga irinku don sai mace ta ga kamar gazawarta ce da bai warke ba. Magani akwai, kuma yana aiki ga mutane da yawa, zama ne da ƙwararre kamar sau ɗaya a mako na wajen wata uku, a bi abin da ya faru a hankali har jiki ya koyi cewa ya wuce, a warware tunanin "laifina ne", wani a haɗa masa da ƙwaya irin su sertraline. Ƙwayoyin sa barci da na kwantar da hankali da mutane ke saya da kansu ba sa maganinsa, kama mutum suke yi. Kar ki matsa masa sai ya ba ki labari, ta wajen barcin za ki shiga, "mu je a duba rashin barcin nan" ya fi sauƙin karɓa a wajen soja. Kar a tashe shi daga barci da girgiza, a kira sunansa daga ɗan nesa. In kuwa ya fara maganar ya gaji da duniya ko gara ba shi, wannan ba na jira ba ne, ranar za a kai shi asibiti, kuma a nisanta shi da makami. Ke ma ki samu wanda za ki riƙa faɗa wa damuwarki.

TAMBAYA: Yaro, mu a zamaninmu ba mu san wannan ba. Kakanni sun yi yaƙi sun dawo sun ci gaba da rayuwa. Ba Turawa ne da 'yan fim suka ƙirƙiro wannan ciwon bayan an ci su a Biyetnam ba?
— Wani dattijo

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma. Sunan ne sabo, 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta, kuma da gaske ne matsin lambar tsofaffin sojojin Biyetnam da wasu likitoci da ke zama da su ya taimaka. Amma ciwon ya riga Biyetnam nesa ba kusa ba.

Tun watan Fabrairun 1915 wani likitan sojan Birtaniya, Charles Myers, ya rubuta a mujallar likitoci ta Lancet kan sojojin da ake kwasowa daga ramukan yaƙi a Faransa, ba rauni a jikinsu amma ba sa gani sosai, ba sa jin wari da ɗanɗano sosai, sun manta abin da ya faru. Kafin yaƙin ya ƙare sojan Birtaniya ya ga irin wannan wajen 80,000, wasu na karkarwa wasu sun bebance. A wancan yaƙin dai Birtaniya ta harbe sojojinta 306 kan laifin gudu daga fagen daga ko ragwantaka da makamantansu, wasunsu ciwon nan ne ke damunsu, sai 2006 aka yafe musu, shekara kusan 90 bayan an binne su. A watan Agustan 1943 a Sisili, Janar Patton na Amurka ya shiga tantin asibiti ya sharara wa sojoji biyu mari a ranaku daban-daban don ya gan su ba jini, ya kira su ragwaye, ɗayan ma daga baya aka gano zazzaɓin cizon sauro da atini ke cinsa, shugabansa Janar Eisenhower ya tilasta masa ba da haƙuri. Fim ɗin Patton na 1970 ya nuna marin.

Abin da zai fi ba ka amsa Baba shi ne wannan. Sojan Amurka da kansu suka sa darakta John Huston ya je wani asibitinsu a Long Island ya ɗauki sojojin gaske da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, ba 'yan wasa ba, aka sa wa fim ɗin Let There Be Light, ya kammala 1946. A ciki ga saurayi lafiyayye ƙafa ta ƙi taka ƙasa, ga wanda in'ina ta kama rana tsaka, ga wanda ya manta ko shi waye tun yaƙin tsibirin Okinawa na Japan. Da manyan suka gani sai suka kulle shi, wai don kare sirrin marasa lafiyar, shi Huston yace tsoro suke kar a ga jarumi na kuka, ba a sake shi ba sai ƙarshen 1980. Wato 'yan fim ba ƙirƙira suka yi ba, nunawa ma hana su aka yi shekara 34. Ko Audie Murphy, ɗaya daga cikin sojojin Amurka mafi tarin lambobin yabo a wancan yaƙin, wanda ya fito a matsayin kansa a fim a 1955, da bindiga a ƙarƙashin matashi yake kwana, ƙwayar barci ta kama shi har sai da ya kulle kansa mako guda a ɗakin otal ya yakice ta, daga baya ya fito fili yana roƙon gwamnati ta kula da masu irin ciwonsa. Kakanni sun ci gaba da rayuwa kam, da yawansu lafiya lau, wasu kuma matansu ne kaɗai suka san yadda darensu yake.

TAMBAYA: Malam ni abin da ke damuna kullum sojan Amurka ne ake nuna mana yana kuka, waɗanda aka je aka ragargaza wa ƙasa fa? Su ba su da zuciya ne? Ba fim ɗin da ya nuna na wasu?
— Wani malamin makaranta

AMSA: Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. American Sniper ɗin da na yaba wa wuri ɗaya a sama, mutanen Iraƙi a cikinsa kusan duk ta cikin madubin bindiga ake ganinsu, The Deer Hunter ma mutanen Biyetnam ko dai mugaye ne masu ihu ko taron da ke gudu. Mai kuɗin yin fim shi ke zaɓar wanda za a tausaya wa. Amma akwai wasu, sai dai ka nema.

Nemi Camp de Thiaroye na 1988, na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow. Labarin gaske ne, sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a ɓangaren Faransa, Jamus ta tsare su, aka dawo da su wani sansani kusa da Dakar, suka nemi haƙƙinsu na albashi, ranar 1 ga Disamban 1944 sojan Faransa ya buɗe musu wuta. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. A fim ɗin akwai wani soja da ake kira Pays, ya fito daga sansanin Buchenwald na 'yan Nazi baya magana sai gurnani, kullum da hular kwanon sojan Jamus a kansa, yana shafa wayar da aka kewaye sansanin da ita don shi ya gane wannan ma kurkuku ne. Daren da tankoki suka taho shi ne a saman hasumiya, shi ya gan su, ya sauko yana ta nuni yana ƙoƙarin faɗa, 'yan'uwansa suka ce haukarsa ce ta motsa suka koma barci. Fim ɗin ya ci kyauta a Venice amma an yi kusan shekara 10 ba a nuna shi a Faransa ba.

Sai Beasts of No Nation na 2015 da aka ɗauka a Ghana, kan yaron da aka mayar soja. Ƙarshensa ya fi komai, an kai shi gidan kula da irinsu, wata ma'aikaciya na lallashinsa ya faɗi abin da ya gani, shi kuwa ya ƙi don yana ganin in ta ji za ta ɗauke shi dabba. Wannan ya kawo mu wani rauni da ba tsoro ba ne, ciwon abin da kai ka aikata, ko ka gani ka yi shiru, ko manyanka suka ci amanarka a kai, likitan Amurka Jonathan Shay ya yi rubutu sosai a kansa tun 1994. Fim ɗin da ya fi kama wannan shi ne Waltz with Bashir na 2008, da zane aka yi shi, Ari Folman tsohon sojan Isra'ila ne da ya shiga Labanon a 1982 yana ɗan shekara 19, ya wayi gari baya tuna komai na lokacin. Abokinsa kullum karnuka 26 ke binsa a mafarki, adadin da ya harbe don kar su yi haushi su tona asirin sojoji in za a shiga ƙauye da dare. Shi Folman yana ta bin tsofaffin abokai yana tambaya har ya gano yana cikin masu harba fitilun da suka haska sama a sansanin 'yan gudun hijira na Sabra da Shatila lokacin da 'yan bindigar Falanj, Kiristocin Labanon, ke yi wa Falasɗinawa kisan kiyashi a ciki. Wasu sun soki fim ɗin cewa ya fi damuwa da ran sojan fiye da waɗanda aka kashe, kuma sukar na da tushe, duk da a mintocin ƙarshe ya ajiye zanen ya sa hoton gaske na matan sansanin suna kururuwa cikin gawarwaki.

TAMBAYA: Malam Babanmu tsohon soja ne, bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Na ce ko in sa masa Saving Private Ryan mu kalla tare ko bakinsa zai buɗe?
— Wata 'yar tsohon soja

AMSA: Ƙanwata kar ki yi masa ba-zata. Fim ɗin nan na 1998 farkonsa sama da minti 20 ne na saukar sojoji a gaɓar teku ta Omaha a Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, an yi shi yadda har ƙarar harsashi a cikin ruwa sai kin ji, lokacin da ya fito sai da ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta tanadi layin waya saboda dattawan da ya tayar wa da tsohon ciwo, wasu fita suka yi daga silima. Wani kallon na taimaka masa ya samu bakin magana, wani kuma ya kwana uku bai runtsa ba, kuma daga waje ba ki isa ki gane wanne ne Baba ba. Ki faɗa masa abin da ke ciki, ki tambaye shi, in yace a'a toh a'a ɗin ce, in ya yarda a ba shi rimot a hannunsa kuma da rana. In labari kike so ki tambaye shi abokansa, waye ya fi ban dariya a cikinsu, waye ya iya waƙa, ta nan da yawa suke farawa. In kuka kalla ɗin ki lura da hannun Tom Hanks da ke rawa yana ɓoye wa sojojin da ke ƙarƙashinsa, wannan ɗan abin ya fi duk jinin da ke fim ɗin faɗin gaskiya.

TAMBAYA: Malam cacar nan da ake sa harsashi ɗaya a bindiga a juya a ɗora a kai a The Deer Hunter, da gaske an yi wa fursunoni haka a Biyetnam?
— Wani mai son fim

AMSA: Ba wata shaida da ta nuna an yi, ɗan'uwa. Peter Arnett, ɗan jaridar da ya shafe shekaru yana ɗauko labarin yaƙin har ya ci kyautar Pulitzer, ya rubuta tun lokacin da fim ɗin ya fito cewa ko sau ɗaya ba a taɓa samun rahoton haka ba. Masu fim ɗin ne suka sa don su nuna yadda rai ke zama caca a yaƙi, da yadda wanda Christopher Walken ya fito a matsayinsa ya kasa fita daga ciki ko bayan ya tsira, a matsayin dabara ta yi aiki har fim ɗin ya kwashi Oscar 5, amma an ɗora wa mutanen Biyetnam laifin da ba a tabbatar sun yi ba, kuma an samu rahotannin mutanen da suka mutu a Amurka suna kwaikwayon abin bayan an nuna fim ɗin a talabijin, dan haka ba na kallo da yara ba ne.

Masu tambaya kan fina-finan 'yan dambe da na gidan yari ku ƙara haƙuri, naku na fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.